Gida a bakin kogi wajen Dadin Kowa: in saya ko in haƙura?

Malam Mai Ritaya: Assalamu alaikum jama'a. Admin a yi min afuwa, na san ba don wannan aka buɗe guruf ɗin ba amma shawara nake nema. In Allah ya kai mu Disamba zan ajiye aiki, shekara 35 cif, kuma tuntuni burina in ƙare rayuwata inda zan buɗe ƙofa in ga ruwa da kore, na gaji da hayaniyar Gombe da kuɗin haya da sayen ruwa a kura. To ranar Asabar wani dillali ya kai ni wajen Dadin Kowa ya nuna min gida, ɗaki uku da falo, ginin bulo, an yi rufin kwano, ga fili a baya da zai kai fuloti biyu ya gangara har kusa da kogi, da mangwaro huɗu da gwaiba. Wallahi da na tsaya a gindin mangwaron nan iska ta buso ni cikin zafin Afrilun nan sai na ji kamar kar in dawo gari. Miliyan 9 suka ce, in na sayar da filina na Liji na haɗa da ɗan abin da na tara zai isa. Dillalin ya ce in ba da rabi kafin sati ya fita don akwai wani Alhaji daga Biu da shi ma yake so. Takarda kuwa ta mai unguwa ce kawai. Me kuka gani don Allah?

Ɗan Hinna: Wa alaikumus salam Baba. Ta wane ɓangare ne, sama da dam ko ƙasa da dam? Kuma daga bangon baya zuwa ruwa kamar taku nawa?

Malam Mai Ritaya: Ƙasa da dam ne ɗana. Ban ƙirga ba amma ba zai wuce taku ɗari da hamsin ba.

Ɗan Hinna: Toh Baba inda ka ga ruwan nan a Afrilu ba nan ne bakinsa ba kam. Zan yi bayani anjima in na dawo daga lambu.

Hajiyar Bolari: Malam don girman Allah kar ka ba da ko sisi a satin nan. Ni abin ya ci ni, kuma ba a bakin kogi ba ma, a nan cikin garin Gombe, kusa da wani kwari. Watan Maris muka ga gidan, kwarin nan a bushe ƙayau yara na buga ƙwallo a ciki, gidan an shafa masa sabon fenti ciki da waje, har ina yaba wa mai shi tsafta. Muka biya muka tare. Ranar da abin zai faru cikin watan Agusta wajen ƙarfe biyun dare na ji kwanuka suna karo da juna a tsakar gida, na sauko da ƙafata daga gado sai na ji ta cikin ruwa har ƙwauri. Jikata na goya na fita da ita, maigidan yana riƙe da hannuna muna lalube a duhu. Buhun masara huɗu, katifu, takardun makarantar yara, keken ɗinkina, duk suka tafi. Da bango ya bushe fentin ya ɓare sai ga tsohon layin ruwa a ƙasansa, shi aka rufe da fentin. Maƙwabta kowa ya sani ashe, ba wanda muka tambaya ne. Gida na kusa da ruwa da damina ake zuwa ganinsa, ba da rani ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya

Dillalin Kwadon: Hajiya Allah ya kiyaye gaba, amma a yi mana adalci, ba duk gidan da yake kallon ruwa ba ne ruwa ke ci. Mutane suna zaune a Dadin Kowa tun kafin a gina dam ɗin a 1984, sun haifi 'ya'ya sun aurar. Kuma ku duba abin da ke wurin yanzu, ga tashar lantarki mai megawat 40, ga kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu, ga filin masana'antu da gwamnatin jiha ta ware, ruwan famfon da ake sha a Gombe ma daga can ake turo shi. Kilomita 37 ne kacal a kan titin Biu, mutum zai yi sallar asuba a can ya karya kumallo a Gombe. Fili a wurin nan kullum gaba yake yi, wanda ya tsaya jiran Agusta sai ya tarar an sayar. Ba ni ne dillalin Malam ba fa, gaskiyar sana'a nake faɗa.

Hajiyar Bolari: In an sayar ba rabonsa ba ne. Ku kullum akwai wani Alhaji da yake hanya da kuɗi, ni ma haka aka ce min.

Dillalin Kwadon: Haba Hajiya kar ki yi mana kuɗin goro

Ɗan Pantami: Ni tsorona dam ɗin Lagdo ɗin nan na Kamaru, duk shekara sai an ce za su sako ruwa, kun ga abin da aka yi a 2012 da 2022

Injiniya: Ɗan Pantami Lagdo kam ba ruwansa da wannan gidan. Lagdo a kan kogin Binuwai yake, ruwansa ta Yola yake bi ya gangara Makurɗi da Lokoja. Namu kogin Gongola ne, daga tsaunukan Filato yake tasowa ya ratsa jihar Bauchi ya zagayo ta Nafaɗa ya shigo Dadin Kowa, daga nan ya wuce Kiri ya je ya haɗu da Binuwai a Numan. Abin da ya sa na kawo wannan, ruwan da zai cika dam ɗin ba lallai a kanmu ya sauka ba, za a iya kwana uku ba a yi ko yayyafi a nan ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, inda Dadin Kowa take, ba amma ana tafka ruwa a Filato da Bauchi, duk kuma nan zai zo. In tafkin ya cika dole a rage masa, ba mugunta ba ce, don kare dam ɗin ne kansa, to wanda yake ƙasa da dam shi zai karɓi wannan ruwan. Kowa ya ga Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ba wai ina cewa haka za ta faru a nan ba, Allah ya kiyaye, amma duk mai zama ƙasan dam ya san da wa yake maƙwabtaka.

Sannan Malam taku ɗari da hamsin ba shi ne ma'auni ba. Tsayi ake dubawa ba nisa ba. Gidan da yake taku hamsin daga ruwa amma a kan tudu ya fi wanda yake taku ɗari biyar a shimfiɗaɗɗiyar fadama tsira. Ka samu safiyo ya auna maka tazarar da ke tsakanin daɓen ɗaki da inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa. Ka duba ƙasar wurin kuma, in baƙar laka ce mai tsagewa da rani har ka zura hannu, to irinta ce take kumbura da damina ta motsa fandisho, sai ka ga bango ya tsage daga kusurwar taga ya yi sama. Ka sa farce ka kankare ƙasan bango, in yana zubowa kamar gari da fari-fari irin na kanwa to danshi yana hawa. Ka leƙa masai da sokawe, inda ruwan ƙasa yake kusa da damina cika suke yi su dawo, kuma su ne suke gurɓata rijiyar gidan.

Malam Mai Ritaya: Injiniya Allah ya saka. Tsagar nan kam na ga ɗaya a bayan falo, an lulluɓe ta da siminti, dillalin ya ce min zafin rana ne.

Injiniya: Ka ɗauko min hotonta in ka koma, da na kusurwoyin ginin huɗu.

Barista: Malam ranka ya daɗe, ni ta ɓangaren takarda zan shigo. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, tana da amfani, amma ba ita ce mallaka ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa duk filin jiha a hannun gwamna, abin da kai kake samu izinin zama ne, a birni gwamna ke bayarwa, galibi na shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana ba da na gargajiya. Kafin ka biya ka sa safiyo ya ɗauko lambobin filin ka kai GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Gombe, a bincika maka, ko akwai sunan wani a kai, ko kuma ya faɗa cikin filin gwamnati. Wannan na biyun shi ne abin tsoro a wuri irin Dadin Kowa, domin akwai filayen da tun lokacin gina dam aka karɓa don aikin noman rani, suna ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama mai hedikwata a Yola, mutum zai iya noma wuri shekara da shekaru har 'ya'yansa su ɗauka na gado ne alhali an riga an biya diyya tun zamanin kakansu. Ga kuma dokar hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa wadda ta keɓe mita 100 daga gaɓar manyan koguna, Gongola yana cikin jerin. Wato ƙarshen lambun nan da ya burge ka mai yiwuwa ba na mai sayarwar ba ne balle ya sayar maka.

Kuma ka tambaya, gidan na mutum ɗaya ne ko na gado? In na gado ne an raba ko ba a raba ba? Yawancin shari'un fili da nake gani a kotu daga nan suke tasowa, babban wa ya sayar, bayan shekara biyu ƙanwa ta dawo daga gidan miji ta ce ba da saninta ba.

Malam Mai Ritaya: Na gado ne Barista, babban ɗan ne yake sayarwa, ya ce sauran sun yarda.

Ustaz: Allah gafarta Malam, "sun yarda" a bakinsa ba ta wadatar ba. A zaunar da magada duka, maza da mata, kowa ya faɗa da bakinsa ya sa hannu gaban shaidu, in akwai maraya ƙarami a ciki a bi ta wajen alƙali. A mazhabarmu ta Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, zai iya zuwa ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar. Su kuma masu sayarwa da dillalai su ji tsoron Allah, ɓoye aibin kaya haramun ne, gidan da ka san ruwa yana shiga wajibi ne ka faɗa ko ba a tambaye ka ba.

Ɗan Legas: Kawu bari in ba ka labarin bakin teku tunda can nake zaune shekara goma sha, ka ga yadda son kallon ruwa yake cin kuɗin mutane. A Lekki da Ajah har zuwa Ibeju da Epe ba abin da ake talla kamar fili kusa da ruwa, musamman tunda aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Lekki da matatar Dangote a 2023. Ni da abokina muka haɗa kuɗi muka sayi rabin fuloti wajen wani kamfani, a hoto wuri kamar aljanna, da muka je da damina sai da muka cire takalma muka naɗe wando. Kafin ka ɗora bulo ɗaya sai ka zuba tifa-tifa na yashi ka cike wurin, sannan fandisho na musamman, kuɗin da za ka binne a ƙasa ya isa ka gina gida sukutum a Tumfure. Ga 'yan asalin wuri da ake kira omo onile, ka kawo yashi ka biya su, ka zo rufi ka biya su. Mu dai da ƙyar muka sayar muka fitar da uwar kuɗi.

Wanda ya samu ya gina kuma iskar teku gishiri gare ta, kwanon rufi, ƙyauren ƙarfe, janareta, har rodin da ke cikin kankare tsatsa take ci, bohol kuma ka haƙa ruwan ya fito da ɗanɗanon gishiri ko ja kamar shayi sai ka koma sayen na tanka. Teku kuma tana cin gaɓa a hankali, ka je Alpha Beach ka tambayi tsofaffin wurin inda gidajensu na da suke, cikin ruwa za su nuna maka da yatsa. Sannan ga hukuma, a 2024 da aka fara titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba mai kilomita kusan 700 an rushe gine-gine da dama ciki har da wani ɓangare na Landmark, wurin shaƙatawa na bakin teku da manyan masu kuɗi suka zuba jari, balle talakawan Otodo Gbame da aka tasa a 2017 ko na Tarkwa Bay a 2020. Na san kogi ba teku ba ne Kawu, ku ba ku da matsalar gishiri, amma abu biyun nan ɗaya ne ko'ina, ruwa yana da hanyarsa, gwamnati kuma tana da ido a kan bakin ruwa.

Dillalin Kwadon: To ai Legas daban Gombe daban, kar a tsorata bawan Allah ya fasa alheri

Hajiyar Bolari: Ba wanda ya ce ya fasa, cewa aka yi ya jira wata huɗu. Wata huɗu ne zai kashe cinikin in na gaskiya ne?

Admin: Don Allah a ci gaba da mutunta juna, Hajiya uwa ce a nan, Dillali kai ma muna amfana da kai.

'Yar Jekadafari: Baba ni tambayata ɗaya, Mama ta je ta ga wurin? Duk maza kuna ta maganar fandisho da takarda, amma ita ce za ta wuni a gidan. In ciwo ya tashi ƙarfe ɗayan dare, ku da shekaru suka fara ja ga hawan jini ga suga, mota za ta iya shiga har ƙofar gida a watan Agusta ko sai an ɗauko mutum a mashin zuwa bakin titi? Asibitin koyarwa yana Gombe fa. Islamiyyarta, 'yan uwanta, biki da suna da ta'aziyya duk suna cikin gari. Jikoki in sun zo hutu kuma ga kogi a bayan gida ba katanga, yaro ba ya jin kar ka je. Kakata a ƙauyen bakin ruwa ta zauna, na san daɗinsa na san wahalarsa.

Malam Mai Ritaya: 'Yata kin yi gaskiya, ban kai ta ba tukuna, hoto kawai na nuna mata ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

'Yar Jekadafari: Baba wannan amsar kam ka san ba amincewa ba ce, kunya ce. Ka kai ta.

Ɗan Hinna: Na dawo. Baba ni a nan aka haife ni kuma ba na fatan barin nan, don haka ba zan kushe maka wurinmu ba. Da sassafe ka ga masunta suna fitowa da kwale-kwale, ka sayi karfasa da tarwaɗa suna motsi, da rani ko'ina ya bushe mu muna cikin shinkafa da tumatur da albasa, mai ɗan ƙarfi in ya sa injin ban ruwa a fuloti biyun nan ba zai sayi kayan miya ba har ya sayar. Amma ka lura da abu ɗaya in ka dawo, duba inda tsofaffin gidajen gari suke, da masallacin Juma'a, da maƙabarta, da inda ake kafa rumbu, duk a tudu za ka gan su. Gangaren nan iyayenmu gona suke yi a ciki, bukka kawai suke kafawa ta rani, ba su kwana da iyali a wurin. Sabbin gine-ginen da ka gani a ƙasa yawanci baƙi ne ko 'ya'yan da suka gina don su sayar.

In ka zo kar ka zo da dillali. Ka zo ka yi sallar la'asar a masallacin unguwar ka zauna da dattawa ka tambaye su shekarar da ruwa ya fi yawa ina ya tsaya, za su taka da kai su nuna maka da sanda. Ka ɗaga kai ka dubi bishiyoyin bakin kogi, za ka ga busasshiyar ciyawa da leda da kara sun maƙale a rassa, to nan ruwan bara ya kai. Sai dorina, wannan ba labari ba ne, mu a Hinna mun sha fama da su, cikin dare suke fitowa garke guda su shiga gonar shinkafa ko masara kafin asuba sun gama da ita, sun sha kifar da kwale-kwale, an yi asarar rayuka. Sauro kuwa sai gidan sauro rani da damina. Yara masu wanka a ruwan da ba ya gudu kuma tsargiya take kama su, ka ga yaro yana fitsarin jini. Duk da haka muna zaune lafiya alhamdu lillahi, don mun san inda ake kwana da inda ake noma.

Shawarata Baba, ka nemi gida ko fili a tudu kusa da titi, lambun kuma ka yi haya ko ka saya daban a gangare, tafiyar minti goma ce. Ruwa ya zo ya ci lambu ka yi asarar shuka ɗaya, ba ka yi asarar wurin kwana ba.

Malam Mai Ritaya: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kira dillalin na ce masa sai bayan damina, ya ce ba zai iya riƙe min ba, na ce ba komai.

Malam Mai Ritaya: Salam jama'a, na dawo da labarin gidan nan da muka tattauna a Afrilu. Jiya 24 ga Agusta muka je ni da mai ɗakina, Ɗan Hinna ya tare mu a bakin titi, Allah ya yi masa albarka. Gidan yana nan ba a sayar ba. Mota a titi muka bar ta, da ƙafa muka ƙarasa, ita sai da ta riƙe takalmanta a hannu. Ruwa bai shiga ɗakunan ba gaskiya, amma mangwaro biyu na ƙasa suna tsaye cikin ruwa, gwaibar ko ganinta ba a yi, tsakar gidan kuma ka taka ƙasa ruwa ya tsattsafo. Wani dattijo da muka samu a masallaci ya kai ni bangon baya ya ɗora sandarsa a kan bulo na uku ya ce nan ya tsaya shekarar da ya yi yawa. Tsagar bayan falon ta sake buɗewa, Injiniya na tura maka hoton. Ashe kuma akwai ƙanwarsu da take aure a Deba da ba a ma gaya mata za a sayar ba.

Ita mai ɗakin nawa wurin ya burge ta fiye da yadda na zata, sai da ta sa muka sayi kifi kafin mu taho, ta ce in dai a tudu ne kuma kusa da titi ta yarda. Ɗan Hinna ya nuna mana wani kango a sama kusa da makaranta, daga ƙofarsa ana hango kogin.

Barista: Madalla Malam. Wannan ɗin ma kar a ba da kuɗi sai an kai lambobinsa GOGIS.

Dillalin Kwadon: Kangon nan na san shi, na mutum ɗaya ne ba na gado ba, in kana so in binciko maka farashi

Malam Mai Ritaya: Bincika mana, amma safiyo zai fara zuwa. Injiniya in kana da lambar wani amintacce turo min ta akwati, ranar Alhamis nake son mu koma.